A Dakatar da Magani Sai Bayan Biki

Autata fara ce. Ni baƙa ce, ubanta ma baƙi ne, ita kaɗai ta ɗauko hasken kakarta ta wajen uba, kuma dangin mijina suna ji da wannan hasken kamar su suka ƙera shi da hannunsu. In ana suna ko biki, ita ake fara nema a tsayar a gaba a ɗauki hoto. Hasken nan ne ma ya sa na daɗe ban lura da tabon ba. Fari a kan fari, wa zai gani?

Tana shekara tara na gan shi da kyau, wata ranar Juma'a ina cuɗa mata baya. Ɗaya a damtse, wasu a baya, wani babba a ƙwauri. Na ce ƙyasfi ne. Akwai wani Ibo mai kemis a bakin layinmu a Unguwar Rogo, tun ina amarya nake sayen magani a wurinsa. Ya ba ni man shafawa, ya ƙare, tabo yana nan. Ya sake ba ni wani. Da na koma karo na uku da yarinyar a hannuna, sai ya cire murfin biro ya caka mata a kan tabon, ita tana can tana kallon alewar da ke cikin kwalba, ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Madam, wannan ba ƙyasfi ba. Yaro ba ya ji komai. Ka kai shi asibiti gobe-gobe, kar ka ba ni kuɗi."

A asibiti aka tura mu wani ɗaki can baya, inda ake duba masu tari. Sistar da ke wurin ta ce Auta ta rufe ido, ta ɗauki auduga tana taɓa ta nan da can, ta ce duk inda ta ji ta nuna da yatsa. A kan lafiyayyar fata tana nunawa har da dariya, wai cakulkuli ake mata. A kan tabo kuwa shiru. Sista ta matsa mata gwiwar hannu, ta duba yatsunta ɗaya-ɗaya, sannan ta dube ni ta ce kuturta ce.

Ba abin da ya zo mini a ido sai mutanen nan da ke zama a ƙofar masallacin Juma'a da hannu dungulmi. Na ce, "Sista, haka 'yata za ta koma?"

Ta ce, "Waɗancan ba su samu magani da wuri ba ne, Mama. Taki yatsunta lafiya lau. Magani kyauta ne, shekara guda za ta sha. Kowane wata ki kawo ta ta haɗiye na wata a gabana, ki tafi da na kullum gida. Da zarar ta fara sha ba za ta shafa wa kowa ba. Amma abu biyu. Kada ki yi wasa da shi ko na kwana ɗaya. Kuma zai sa ta yi baƙi. In ta gama, a hankali launinta zai dawo."

Na ce, "Baƙi? To ni da na zo duniya da shi, me ya ci mini?"

A lokacin ban iya karatu ba. Sai bayan wannan abin na shiga ajin manya, don na gaji da a riƙa karanta mini abin da ya shafi 'yata. Maganin a kati yake zuwa, kowace ƙwaya da ɗakinta, ni da launi nake gane su. Kullum bayan ta ci tuwon dare nake ɓallo mata, in tsaya a kanta har ta buɗe baki in ga ba komai.

Mijina direban tifa ne, yana ɗebo yashi daga tsofaffin ramukan kuza na wajen Naraguta. Da na gaya masa, sai ya ce kada kowa ya ji. Na ce to. Kwana biyu ba a yi ba sai ga yayarsa ta yi sallama. Ita ce babbarsu, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, tana da shagon atamfa da leshi, tana zaune a Daɗin Kowa. Mijina in tana magana ko tari ba ya yi. Ashe kowan da ya ce kada ya ji, ban da ita.

Ta ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa mata. A tsaye ta ce, "Mu dai a danginmu, tun daga kan kakan kakanmu, ba a taɓa yi ba."

Na ce, "Yaya, sista ta ce ba gado ba ne."

"Sistar ta san kakanki ne?"

"Ba ta san naki ba ma."

Ta ja tsaki. "To in ba daga wajenku ba ne, ke kika haɗa mata kifi da nono."

Na ce, "Da kifi da nono ke kawo ta, da rabin mutanen Jos ba su da yatsun cin tuwo."

An duba mu duka gidan, ba a samu kowa da ita ba. Har yau ban san inda Auta ta kwaso ta ba, kuma na daina tambaya.

Wata biyu, uku, yarinya ta fara rinewa. Da farko ja-ja kamar an shafa mata jar ƙasa, daga baya ta yi duhu sosai, wurin tabon ya fi ko'ina baƙi. Maƙwabta suka fara tambaya. Mijina ya ce musu rana ce. Rana a Jos, garin da muke kwana da rigar sanyi! 'Yan ajinsu suka sa mata suna gawayi. Ta dawo gida ta tsaya gaban madubi tana kuka, ta ce ita ba za ta ƙara shan maganin ba. Na ce za ta sha ko tana kuka ko tana dariya. Na rungume ta, amma na ɗura mata.

Ana cikin haka aka zo neman auren 'yar Yaya. Yarinya ce mai hankali, ni na goya ta tana ƙarama, ba ni da abin faɗa a kanta. Manemin ɗan gidan mutunci ne, kuma irin gidajen nan ne da ba sa aure sai sun yi bincike. Kowa ya san yadda ake yi: a turo tsofaffi su bi unguwa kamar sun zo gaisuwa, su tambayi maƙwabta ko akwai sata a dangin, ko hauka, ko farfaɗiya, ko kuturta. Sun yi nasu a Daɗin Kowa ba su ji komai ba, aka sa rana. Amma Yaya ta san kafin a ɗaura, ko da safiyar ranar ce, ana iya fasawa. Ga shi kuma an ce wata yayar angon a asibiti take aiki.

Sai ta sake zuwa gidana. Wannan karon ta zauna, har ta kawo wa Auta takalmi.

Ta ce, "Matar ƙanina, shawara na kawo. Kin san kowa ya san yarinyar nan fara ce. In aka gan ta haka a wurin biki, za a yi tambaya. Mai aikin asibiti kuwa kallo ɗaya za ta yi mata ta gane. A dakatar da maganin nan, a gyara mata jiki, in an gama biki ta ci gaba. Wata biyu ne kawai. Magani ai ba guduwa zai yi ba."

Na ce, "Maganin ba zai gudu ba. Cutar ce ba za ta zauna jiran bikinku ba."

"Haba! Yarinyar da ke tsalle-tsallenta? Ina ciwon yake?"

"In hotonku ne damuwa, ba za ta zo bikin ba. Ni ma sai in zauna a gida."

"Sai a ce ina autar ƙanina? Rashin ganinta ma tambaya ce."

"To ku ce ta mutu."

Ta tafa hannu tana salati. Ta juya wajen mijina, wanda ke zaune a bakin ƙofa yana ta goge takalmin da ba shi da datti. "Kana jin matarka? 'Yata guda ɗaya, in wannan auren ya lalace da sunan kuturta, wa zai ƙara tako ƙofar gidana? Har 'ya'yanku mata sai abin ya shafa."

Ba ƙarya ta yi ba a nan, na sani. Haka mutanenmu suke. Bakinmu cike yake da karin magana a kan kuturu, kowa na yi yana dariya, ni ma da ina yi. Amma na ce mata a'a, kuma na faɗa da ƙarfi yadda ba za ta ce ba ta ji ba.

Ni kayan gwari nake sayarwa a Farin Gada, kabeji da karas da koren wake. Tun da sassafe nake fita tarar masu lambu. Ranar da aka yi hutun makaranta na dawo da la'asar, ba Auta a gida. Na duba saman kwaba inda nake ajiye katin magani, babu shi. Mijina ya ce Yaya ta aiko a kai mata ita ta taya su aikace-aikacen biki, kuma ya ba da maganin hannu da hannu.

Na ce, "Ka rantse za ta ba ta."

Ya ce, "Yayata ce fa. Za ta cuci jininta ne?"

"Ban tambaye ka ko wace ce ba. Na ce ka rantse."

Ya rantse. Na bar maganar, don ranar komawa asibiti da saura, kuma mutum ya kama sunan Allah. Duk da haka kullum sai na ce a kira mini ita a waya. Yau a ce ta yi barci, gobe a ce an aike ta, jibi waya ba ta shiga. Da aka haura mako ban ji muryar 'yata ba, na bar wa maƙwabciyata kayana a kasuwa, ko wanka ban koma na yi ba, na hau keke zuwa Daɗin Kowa da zanen kasuwa a jikina.

Tun daga bakin layi na ji guɗa. Motoci a ƙofar gida. Ashe ranar ake kawo lefe, kuma ni matar kawun amarya ba wanda ya gaya mini. Na leƙa falo, cike da mata, dangin ango a gefe guda sun sha gwaggwaro, akwatuna a buɗe a tsakiya ana ɗaga atamfa ɗaya-ɗaya. Ban shiga ba. Na zagaya ta baya ina kiran Auta.

A ɗakin ajiye kaya na same ta, an ja ƙofa an sa sakata ta waje. Wurin duk ƙamshin dilka da hayaƙin turare. Ashe matar da aka ɗauko ta yi wa amarya gyaran jiki, an haɗa mata da 'yata. Kullum a murje ta da dilka, a shafe ta da man bilicin, a zaunar da ita a kan kaskon turare a lulluɓe ta da bargo. Fuskarta duk ta yi saɓa, baƙin kuma yana nan inda yake, don ba a saman fata yake ba balle a kankare.

Ta ce, "Umma, Gwaggo ta ce saura kaɗan in koma fara."

Na ce, "Maganinki fa?"

"Gwaggo ta ce an gama."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na zo."

Na durƙusa ina duba jikinta. Da na ɗaga zanenta sai na ga ƙwaurin. A daidai kan babban tabon nan, ƙuna ce, ta tashi ta fashe, tana ruwa, har ƙuda na bi. Bakin kasko ne ya kwanta mata a wurin. Na ce yaushe kika ƙone? Ta leƙa ƙafar tana mamaki, ta ce ita ba ta sani ba.

Na kama hannunta. Ban shiga falo kai-tsaye ba, wannan ina so a sani, don daga baya an ce da gangan na je tona asiri. Na tsaya a kicin na aika a kira mini Yaya. Ta zo tana walƙiya cikin leshi, da ta gan mu fuskarta ta sauya.

Na ce, "Yaya, ba ni maganin in tafi. Ba wanda zai ga fitarmu."

Ta rage murya. "Ke wa ya gayyace ki? Dubi jikinki, kina warin kabeji. Mayar da yarinyar nan ɗaki, in baƙi sun tafi ma yi magana."

"Dubi ƙafarta."

Ko kallo ba ta yi ba. "Ɗan wannan? A shafa man zafi."

"Ba ni maganin."

"Na zubar."

"Ƙarya kike."

"Ni kike ce wa ƙarya a gidana? Ni da na aurar da mijinki? To ko yana nan ba zan bayar ba sai an kai amarya. Ki yi abin da za ki yi."

Ta juya ta koma falo, tana gyara mayafi tana murmushi tun kafin ta isa ƙofa. Ta ɗauka kunya za ta riƙe ni. Ta san ni shekara da shekaru amma ba ta san ni ba.

Na bi ta da Auta a hannuna. Na yi sallama, aka amsa, ana kallona ana kallon yarinyar. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "Ikon Allah, wannan ba ita ce farar yarinyar nan da muka gani a hoto ba?"

Na ce, "Ita ce, Hajiya. Sannunku da zuwa." Sannan na dubi Yaya. "Ki ba ni maganin kuturtar 'yata da kika ɓoye."

Mai guɗa ta haɗiye guɗarta. Wadda ke riƙe da atamfa ta sake ta a cikin akwati. Wata da ke kusa da mu ta janye ƙafarta, ta tattare zanenta. Na ce mata, "Ki kwantar da hankalinki, baiwar Allah. Tana shan magani ba ta shafa wa kowa. Waccan da ta hana ta sha, ita za ki tambaya."

Yaya ta ce, "Mahaukaciya ce! Wallahi matar nan ba ta da hankali!"

Na ce, "To kin ƙara musu na biyu. Ga kuturta ga hauka. Saura sata, ita ma ga ta nan, tunda kin ɗauke abin da ba naki ba."

Wata mata mai gilashi ta taso, ina jin ita ce yayar angon nan mai aikin asibiti. Ta durƙusa ta dubi ƙafar Auta, ba ta ƙyamace ta ba, ta ce a wanke da ruwan gishiri a rufe, gobe da safe a kai ta inda take karɓar magani. Ita kaɗai ce ta yi maganar yarinyar a ɗakin nan. Sauran duk maganar dangi suke.

Yaya ta shiga ɗaki, na ji ƙarar buɗe kwaba, ta fito ta wurgo mini katin a ƙasa. "Ɗauki tsiyarki ki fita. Allah ya isa tsakanina da ke."

Na sunkuya na ɗauka. Na ce, "Amin, ya isar wa mai gaskiya." Amarya tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, hannunta a kan baki, hawaye na zuba. Ita kam na kasa haɗa ido da ita.

Washegari sista ta wanke ƙunar, ta yi faɗa kamar za ta dake ni, na bar ta ta yi don na ga faɗan na 'yata ne. Ta ce kwanakin da aka rasa za a rama su a ƙarshe, Allah ya sa ba a daɗe ba. Ƙunar ta ɗauki lokaci kafin ta rufe, don wurin da ba ya ji ba ya saurin warkewa.

Dangin ango suka aiko a ɗaga biki. Daga baya suka aiko a mayar musu da akwatunansu. An ce mai gilashin ta yi ta yi musu bayani, tsofaffi suka ce su ba za su haɗa jini ba. Mijina ya yi wata guda ba ya cin abincina, yana ci a tasha. Na ce Allah ya ƙara wa mai abincin kasuwa. Na je har gidan Yaya don in ga amaryar da ba a yi ba, in gaya mata ba da ita nake ba. Ta leƙo ta taga ta gan ni, ta saki labule. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Ta yi aure daga baya, wani ne daban, ba a kawo mini goro ba.

Can bayan watanni baffan mijina, wanda shi ne babba a dangin, ya ce a taru a yi sulhu a gidansa. Na je da Auta, don ba na ƙara barinta a hannun kowa. Maza a kan kujeru, mata a tabarma, Yaya a gefe tana share ido. Baffa ya yi wa'azi a kan zumunci, ya kawo aya ya kawo hadisi. Daga ƙarshe ya ce ni ce ƙarama, in durƙusa in ba Yaya haƙuri, magana ta wuce.

Na ce, "Baffa, ita za ta ba Auta haƙuri?"

Ya ce, "Babba ba ya ba yaro haƙuri. Kuma ai niyyarta alheri ce, rufin asirin dangi take nema."

"A cikin dangin akwai wannan yarinyar, ko babu?"

Na dubi mijina, ya dubi silin. Wata ƙanwarsu ta ce, "Ke dai bakinki ne zai kashe ki. Da kin yi haƙuri na wata biyu, da yanzu kowa na zaune lafiya."

Na ce, "Ke ki ba da yatsun ɗanki na wata biyu mana, mu gani."

Baffa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce in zauna, ba a gama ba. Na ce ni na gama. Sun tsayar da ranar zamansu ba wanda ya tambaye ni, ga shi ta faɗo daidai ranar asibitinmu, kuma sista ba ta kaiwa azahar. Na sa wa Auta takalminta, muka fita muka tari keke. Ana ta kirana daga cikin gida ban waiwaya ba.

Mun iske layi ya yi tsawo. Auta ta haɗiye na watan a gaban sista, ta buɗe baki ta nuna mata da kanta. Saura wata uku a lokacin, da 'yan kwanakin da za mu rama, kuma duk ta shanye su.